Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jagororin Gwamnatin Haɗin Kan Ƙasa Ta Afirka Ta Kudu

Agusta 2025

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa Cyril Ramaphosa, da Mataimakinsa Paul Mashatile, da shugaban jam'iyyar DA John Steenhuisen, da sauran shugabannin jam'iyyu goma da ke cikin gwamnati.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan takarda guda ɗaya, wato takardar bayyana niyyar kafa gwamnatin haɗin kai da Fikile Mbalula na ANC da Helen Zille ta DA suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 2024, a daidai lokacin da sabuwar majalisa ke zamanta na farko a Cape Town. Mun bi sawun rigingimun da kuka yi cikin watanni 14 da suka wuce, na dokar makarantu, da dokar karɓe ƙasa, da kasafin kuɗi, da korar mataimakin minista, kuma kowannensu ga takardar nan yake komawa. Akwai abubuwan da ya kamata ta faɗa ba ta faɗa ba, kuma har yau ba ku zauna kun cike gurbin ba.

Ba mu ga laifinku ba da takardar ta zo gajera. An bayyana sakamakon zaɓen 29 ga Mayu a ranar 2 ga Yuni, tsarin mulki kuma ya ce majalisa ta zauna cikin kwanaki 14 ta zaɓi shugaba. Kwana 12 ke nan kuka samu na haɗa jam'iyyun da suka shafe shekaru suna zagin juna. A Jamus an yi zaɓe ranar 23 ga Fabrairun bana, amma sai 9 ga Afrilu CDU da CSU da SPD suka fito da yarjejeniyarsu mai shafi 144. Ku 'yan shafuka kuka iya rubutawa, kuma sun isa a zaɓi Shugaba Ramaphosa da ƙuri'a 283 a kan 44 na Julius Malema, shugaban jam'iyyar EFF. Kuskuren ya zo daga baya, da aka ɗauki rumfar da aka kafa don kwana ɗaya aka mai da ta gidan zama na shekara biyar. Gwamnatin haɗin kai ta 1994 da kuke yawan misali da ita tana da gindin zama a tsarin mulkin wucin gadi, wanda ya ba duk jam'iyyar da ta samu kujeru 20 haƙƙin samun minista daidai da ƙarfinta. Duk da haka jam'iyyar NP ta F.W. de Klerk ta fice a 1996. Taku ba ta da ko wannan.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ne ke riƙe da ku. Majalisa tana da kujeru 400. ANC tana da 159, DA 87, IFP 17, PA 9, FF Plus 6, UDM 3, Rise Mzansi da Al Jama-ah biyu-biyu, PAC da GOOD ɗaya-ɗaya. Jimla 287. A cire DA, saura 200 cif, rabin majalisa ba ƙari. Ita ma DA ba ta da inda za ta, domin ficewarta tana buɗe ƙofa ga MK ta tsohon shugaba Jacob Zuma mai kujeru 58 da EFF mai 39, waɗanda ta ce don ta tare su ta shigo. Kowa ya san ɗan'uwansa ba zai tafi ba, shi ya sa kowa ke barazana ba tare da tsoron a ce masa bismillah ba.

To ga inda takardar ta yi rauni. Sashe na 19 ya ce idan an kasa samun amincewar kowa, za a yi aiki da abin da ya kira isasshiyar amincewa, wato jam'iyyun gwamnati da ke wakiltar kashi 60 cikin ɗari na kujerun majalisa su yarda. Kashi 60 na 400 shi ne 240, kuma ba a kai 240 sai ANC da DA sun haɗu, su ne 246. A wannan karatun kowace daga cikinsu tana iya tsayar da magana. Amma mai son ya karanta shi a matsayin kashi 60 na kujeru 287 na ƙawancen, 173 kawai yake buƙata, ANC da IFP kuwa 176 ne. Sashe ɗaya, gwamnati iri biyu. Abin da ya fi wannan muni, sashen bai faɗi waɗanne shawarwari ne za a auna da wannan ma'auni ba. Sa hannu a doka yana ciki? Naɗi da kora? Harajin da ministan kuɗi zai sanar? Maganar da shugaba zai yi a taron ƙasashen waje? ANC tana tafiya kamar babu ko ɗaya a ciki, DA kuma kamar duk suna ciki. Ku rubuta adadin da lamba, ku jera shawarwarin da ya shafa da sunayensu. Aikin yini ɗaya ne ga lauyoyi huɗu.

Rabon kujeru ba za mu daɗe a kansa ba, ya wuce. An kwashe makonni biyu ana musayar wasiƙu suna fita a jaridu kafin a sanar da ministoci 32 da mataimaka 43 ranar 30 ga Yuni. DA, mai kusan kashi 30 na kujerun ƙawancen, ta samu ma'aikatu 6, ƙasa da kashi 19, ANC ta riƙe 20. Wannan ƙullin yana cikin cikin DA har yau, kuma yana fitowa a kowace rigima. Mataimakan ministoci 43 kuma, a ƙasar da rashin aikin yi ya kai kashi 32.9 a farkon bana, ba abin da za a iya karewa ba ne.

Dokokin gado su ne tuntuɓe na farko, kuma tuntuɓe ne da kowa ya hango. Tsohuwar majalisa, wadda ANC ke da rinjaye a cikinta, ta zartar da wasu ƙudurori ta bar su a teburin shugaba. Sashe na 79 na tsarin mulki bai ba shugaba zaɓi mai yawa ba: ko ya sa hannu, ko ya mai da ƙudurin majalisa idan yana shakkar dacewarsa da tsarin mulki. Ba shi da hurumin ƙin sa hannu don abokin ƙawance ba ya so. A nan Shugaba Ramaphosa yana da gaskiya a doka. Sai dai sashen bai hana shi kiran abokan tafiyarsa ya faɗa musu ranar da zai sa hannu da yadda za a aiwatar ba.

Ku duba dokar BELA ta gyaran dokokin ilimin firamare da sakandare. Sassa biyu ne kawai ake faɗa a kansu, na 4 da na 5, waɗanda suka ba shugabannin ma'aikatun ilimi na larduna ta-cewa ta ƙarshe kan ɗaukar ɗalibai da harshen koyarwa, abin da a da yake hannun kwamitocin makarantu. DA da FF Plus suna ganin makarantu masu koyarwa da Afrikaans ake nufi, ANC tana ganin ana fakewa da harshe a hana yara baƙar fata shiga. Shugaba ya sa hannu ranar 13 ga Satumba 2024, ministar da za ta aiwatar da dokar, Siviwe Gwarube ta DA, ta ƙi halartar bikin. Aka jingine sassan biyu na wata uku, sannan ranar 20 ga Disamba aka ce dokar ta fara aiki gaba ɗaya, a ci gaba da rubuta ƙa'idoji. Ƙa'idojin nan su ne zuciyar maganar tun farko: wa za a tuntuɓa kafin a canza harshen makaranta, kwana nawa za a ba iyaye, ina za a ɗaukaka ƙara. Da an fara da su a watan Yuli, da ba a kai ga minista ta ƙaurace wa shugabanta a bainar jama'a ba. A cikin hayaniyar kuma an manta da abin da ya fi tsada a dokar, wato wajabta ajin share fage kafin aji ɗaya, wanda ke buƙatar azuzuwa da malamai da kuɗin da larduna ba su da shi.

Bayan wata ɗaya kacal aka maimaita. Ranar 23 ga Janairu 2025 fadar shugaba ta sanar da sa hannu a dokar karɓe kadara don amfanin jama'a, wadda ta maye gurbin ta 1975, kuma ta yarda a wasu yanayi, kamar ƙasar da aka yi watsi da ita ko aka ajiye don jiran tashin farashi, a karɓa ba tare da diyya ba. Ma'aikatar ayyuka ce ke riƙe da dokar, ministanta kuwa Dean Macpherson na DA ne. DA ta shelanta saɓani a hukumance, ta wuce kotu. Ranar 7 ga Fabrairu Donald Trump ya sa hannu a umarnin yanke wa ƙasarku tallafi, yana kafa hujja da dokar, ita kuma gwamnati ta fuskanci wannan da baki biyu. Abin da ya kamata tun makon farko shi ne a ɗauko jerin duk ƙudurorin da ke jiran sa hannu, da dokokin da aka sa wa hannu ba a fara aiwatarwa ba, irin ta inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu ranar 15 ga Mayu 2024, makonni biyu kafin zaɓe. A gaban kowace a rubuta abu uku: ranar sa hannu ko fara aiki, ministan da zai aiwatar, da sassan da aka yarda za a gyara ta hanyar ƙa'idoji ko sabon ƙuduri. Har yanzu ba a makara ba, domin ta inshorar lafiya tana nan tana jira, ita ce kuma mafi girma.

Kasafin kuɗi kuwa sai mun zauna a kansa, don a nan ne rashin tsari ya taɓa aljihun talaka. Ranar 19 ga Fabrairu Minista Enoch Godongwana ya shirya karanta kasafi mai ƙara harajin VAT daga kashi 15 zuwa 17, don samun kusan rand biliyan 60 a shekara. An riga an buga takardu, an kulle 'yan jarida da su a ɗaki kamar yadda aka saba, 'yan majalisa sun hallara. Majalisar ministoci ta zauna a ranar ta kasa amincewa, Kakakin Majalisa Thoko Didiza ta sanar da ɗagewa. Tun 1994 ba a taɓa ganin haka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Al'adar Baitulmali ita ce ɓoye maganar haraji har zuwa sa'o'in ƙarshe, saboda kada 'yan kasuwa su ci riba da labarin. Al'adar ta yi aiki kusan shekara 30 domin jam'iyya ɗaya ce ke da ministan da kuma ƙuri'un. Yanzu ministan na ANC ne, ƙuri'un kuma suna hannun jam'iyyu goma, amma aka ci gaba da tsohon salo.

Ranar 12 ga Maris aka dawo da rabin maki a bana da rabin maki a baɗi, wato 15.5 daga 1 ga Mayu, sannan 16 daga Afrilun 2026. DA ta ƙi. Ranar 2 ga Afrilu majalisa ta amince da tsarin kuɗin da ƙuri'a 194 a kan 182, DA da FF Plus suka kaɗa ƙuri'a tare da MK da EFF a kan gwamnatin da suke ciki, ANC kuma ta tsira da taimakon ActionSA da wasu ƙananan jam'iyyun da ba sa cikin gwamnati, bisa alƙawarin za a nemo abin da zai maye gurbin ƙarin. Alƙawarin ba shi da ƙarfin doka, domin sashe na 7(4) na dokar VAT ya sa sanarwar minista kaɗai ta isa sabon haraji ya fara aiki. DA da EFF suka garzaya Babbar Kotun Western Cape. Ranar 24 ga Afrilu, saura mako guda, Baitulmali ta janye ƙarin ta bar giɓin kusan rand biliyan 75 a shekaru uku, ranar 27 kuma kotu ta soke amincewar da majalisa ta yi. Kafin nan shaguna da bankuna da kamfanonin inshora sun kashe kuɗi suna canza farashi a na'urorinsu, sun aika wa abokan hulɗa takardu, sai ga shi za su warware. Kasafi na uku ya zo ranar 21 ga Mayu da ƙarin santi 16 a kan litar fetur da 15 a kan dizal, kuma sai 23 ga Yuli majalisa ta zartar da dokar rabon kuɗin ma'aikatu, alhali shekarar kuɗi ta fara tun 1 ga Afrilu. Abin da ya hana albashi tsayawa shi ne sashe na 29 na dokar kula da kuɗin gwamnati, wanda ya yarda a kashe har kashi 45 na kasafin bara a watanni huɗu na farko. Mako guda ya rage watannin su ƙare.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. ANC ta kawo haraji ba ta ƙirga ƙuri'a ba, wanda shi ne aikin farko na kowane bulaliyar majalisa. DA kuma ta cusa dokar karɓe ƙasa da wasu buƙatun da ba na kasafi ba a cikin cinikin, sannan ministocinta suka ci gaba da zama a ofis suna kashe kuɗin kasafin da jam'iyyarsu ta kai ƙara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gyaran ba shi da wuya a rubuce. Akwai bayanin kasafi na tsakiyar shekara da ake gabatarwa wajen ƙarshen Oktoba. Kafin shi, ƙaramin kwamiti na mutum shida ko bakwai, ministan kuɗi da mataimakansa biyu, David Masondo na ANC da Ashor Sarupen na DA, da wakilan shugabannin manyan jam'iyyu, su sa hannu a takardar riƙe sirri, su amince da lambobi uku: yawan giɓin da za a yarda da shi, iyakar abin da za a kashe, da adadin da za a nemo ta sabon haraji. Nau'in harajin a tsayar da shi kafin ƙarshen Janairu, majalisar ministoci ta amince akalla kwana bakwai kafin ranar karantawa, kuma kada injin buga takardu ya motsa sai bulalan jam'iyyu sun kawo ƙuri'a 201 a rubuce. A ɗaya gefen, jam'iyyar da ta zauna a kwamitin ta amince ba ta da damar juyawa a zauren majalisa, kuma kada ta shigo da wata doka cikin cinikin kasafi.

Kun kafa kwamitin warware saɓani ƙarƙashin Mataimakin Shugaba Mashatile, ya fara zama a Oktoban 2024. Da rigimar VAT ta taso, a otal-otal da ofisoshin jam'iyya da gaban alƙali aka yi ta, ba a gabansa ba. Dalili a fili yake. Shugabansa ɓangare ne a kowace rigima, ba shi da wa'adin yanke magana, kuma abin da ya faɗa shawara ce kawai. A ba shi mataimakin shugaba daga wata jam'iyya, da sakatariya mai rubuta abin da aka yanke. Jam'iyyar da ke da ƙorafi ta shigar a rubuce, a zauna cikin kwana bakwai, idan kwana 14 suka cika ba mafita a miƙa wa shugabannin jam'iyyu. Muddin magana tana gabansa, ba sa hannu, ba kotu, ba taron manema labarai. A kuma buɗe wani shafi na abubuwan da aka yarda ba za a yarda ba, inda kowa zai kaɗa ƙuri'arsa yadda ya so ba tare da gwamnati ta girgiza ba. Maganar Rasha da Yukren a nan take. A Oktoban 2024 Shugaba ya kira Rasha aminiya a taron BRICS na Kazan, DA ta nesanta kanta, bayan kwanaki kaɗan Ministan Cikin Gida Leon Schreiber ya sanar da ɗage wa masu fasfon diflomasiyya na Yukren biza, fadar shugaba ta ce ai ba a sa hannu ba tukuna. Ba wanda ya ƙaru da wannan.

Korar Andrew Whitfield na DA daga muƙamin mataimakin ministan kasuwanci a ƙarshen Yuni ƙaramar magana ce da ta kusa rusa gida. Laifinsa tafiya Amurka ba da izini ba, shi kuma ya ce ya rubuta neman izini ba a amsa masa ba. Shugaba yana da iko, kuma ya kawo misalin Winnie Madikizela-Mandela a 1995 da Nozizwe Madlala-Routledge a 2007, waɗanda su ma aka sauke su daga muƙamin mataimakiyar minista bayan tafiya ba da izini ba. Amma waɗancan 'yan jam'iyyarsa ne. DA ta ba da wa'adin sa'o'i 48 a kori ministocin ANC da ake zargi, wa'adin ya cika, ta janye daga Taron Tattaunawa na Ƙasa, ta zauna a gwamnati. Jimloli biyu a yarjejeniya da sun kashe wannan wutar: a amsa takardar neman izinin tafiya cikin kwanaki biyar na aiki, kuma a sanar da shugaban jam'iyya a rubuce kwana biyu kafin a sauke ɗan jam'iyyarsa, kujerar kuma ta ci gaba da zama tasu. Masu karanta wannan a Nijar za su tuna ƙawancen AFC na 1993, mai kujeru 50 cikin 83. Ba a kan aƙida ya watse ba. Shugaba Mahamane Ousmane ya fitar da dokar rage ikon firaminista a Satumban 1994, Mahamadou Issoufou ya ajiye aiki, PNDS-Tarayya ta fice da kujerunta, kafin wata guda aka rusa majalisa.

Ba mu manta da ranar da kuka yi daidai ba. A ranar 21 ga Mayu, ranar kasafi na uku, Shugaba Ramaphosa da Ministan Noma Steenhuisen sun zauna gefe ɗaya a fadar White House suna musanta zargin kisan kiyashi ga fararen manoma.  Abin da muke nema a cikin gida ke nan.

Zaɓen ƙananan hukumomi zai zo tsakanin Nuwamban 2026 da Janairun 2027, kuma za ku shiga shi a matsayin abokan hamayya. Kun riga kun ɗanɗana: an kafa gwamnatin lardin Gauteng ba DA, an tsige Cilliers Brink daga magajin garin Tshwane a Satumban 2024 da ƙuri'un ANC, alhali a KwaZulu-Natal kujeru 41 cikin 80 ne ke riƙe da IFP da ANC da DA da NFP a gaban MK mai 37. Duk abin da ba a rubuta kafin a fara yaƙin neman zaɓe ba, ba za a rubuta shi a cikinsa ba. Muna roƙon ku kammala cikakkiyar yarjejeniya kafin bayanin kasafi na tsakiyar shekara mai zuwa, shugabannin jam'iyyu goma su sa mata hannu da kansu, a ajiye kwafi a ofishin Kakakin Majalisa, a kuma buga ta kowa ya karanta.

Allah Ya yi muku jagora.

Daga wasu masu nazarin ayyukan majalisa da kasafin kuɗi.